Yadda Za Ka Sauya Faifan Sabar Ƙaramin Ofis Zuwa SSD Ba Tare Da Asarar Bayanai Ba

Sabar ƙaramin ofis, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan da sauran kwamfutocin ofis ke aiki da su, ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, nauyi take fara yi. Akanta zai nemi rasit ɗin wata uku da suka wuce, 'yar da'irar nan ta kama juyawa a fuskar kwamfuta, ya gaisa da mutum biyu ya waiwayo, bai buɗe ba. Mai karɓar kuɗi a gaba tana ta ba kwastoma baki: "Alhaji a ƙara haƙuri, netwok ne." Sau da yawa kuwa ba netwok ba ne. Ka shiga inda aka ajiye sabar ka dubi 'yar fitilar faifai da ke gabanta. Idan ka gan ta a kunne ƙyam ba ta ƙyaftawa, kana kuma jin ƙarar kar-kar-kar daga ciki, to faifan ajiya ne, wato had-dis, aiki ya fi ƙarfinsa.

Kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi ne sana'ata a Kano, don haka zan yi bayanin da irin sabar da na fi cin karo da ita: Dell PowerEdge T30 mai faifai ɗaya na TB 1, da Windows Server 2016 a kai, da manhajar lissafi wadda kwamfutoci shida zuwa goma ke shiga lokaci guda. In taka HP ce, ko ma kwamfutar tebur ce aka ɗora wa aikin saba, hanyar kusan ɗaya ce. Cire faifai da sa wani bai fi minti goma ba. Sauran aikin gaba ɗaya na tsare bayanan mutane ne, bashin da ake bin ofis da wanda ake bin sa, albashi, takardun shekara da shekaru. A kan wannan zan fi daɗewa.

Da farko ka tabbatar faifan ne

Faifai mai juyawa yana yin zagaye 7,200 a minti, yana da ɗan hannu guda da ke kai-komo a kansa yana ɗebo bayanai. In babban fayil ɗaya zai karanta, yana iya yin MB 150 zuwa 200 a daƙiƙa, ba laifi. Amma manhajar lissafi ba ta neman babban fayil, ƙananan abubuwa take nema a warwatse, ɗan nan, ɗan can. A irin wannan aikin had-dis bai fi biyan buƙata ɗari da wani abu a daƙiƙa ba. Kamar yaron shago ɗaya ne a babban sito, mutum takwas na kiransa lokaci guda, kowa da lungun da kayansa suke. SSD, wato faifan ajiya na lantarki zalla, ba shi da abin da ke juyawa ko motsi, yana biyan dubun dubatar irin waɗannan buƙatun a daƙiƙa. Shi ya sa bambancin da ake gani a kwafar babban fayil ninki uku ne kacal, amma a rumbun bayanai, inda manhajar lissafi ke tara komai nata, abin ya wuce misali.

Duk da haka kada ka sa mai ofis ya kashe kuɗi a kan zato. A lokacin da aiki ya yi zafi, misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, ka buɗe resmon, manhajar Windows mai nuna nauyin aikin da ke kan kwamfuta, a sabar ka shiga shafin Disk. In ka ga faifan yana kan aiki kashi ɗari bisa ɗari, layin jira ya yi tsawo, lokacin amsawa kuma yana kai ɗaruruwan milisakan, shi ne. Ka leƙa shafin Memory ma. Sabar da RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta ta wucin gadi, ya cika maƙil tana ta jibga wa faifai aikin da ba nasa ba, kuma ƙara mata RAM na iya zama rabin maganin. Sai ka duba gudun netwok. Tsohon suwic mai Mbps 100, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, ba ya wuce kusan MB 12 a daƙiƙa, ko da wane irin faifai ka sa. Akwai kuma wayar netwok da aka matse da silli huɗu maimakon takwas. Ita ma ba za ta taɓa ba ka gigabit ba. In can ne matsalar take, SSD zai sa sabar ta yi saurin tashi, amma ma'aikata ba za su ga canjin da aka yi musu alkawari ba.

Bayan haka ka duba lafiyar tsohon faifan da manhajar CrystalDiskInfo, ko smartctl in Linux ne. Lambobi uku nake fara kallo: 5, wuraren da suka lalace faifan ya kauce musu, 197, waɗanda yake shakkar su, da 198, waɗanda ya kasa karantawa sam. CrystalDiskInfo yana nuna 197 da 198 a matsayin C5 da C6. In dukansu sifili ne, kana da sarari. In 197 ta fara hawa, faifan yana kan hanyarsa, kuma tsarin aikin zai canza: ka kwashe muhimman fayiloli yanzu-yanzu, kada ka sa shi wani aiki mai nauyi irin binciken faifai sukutum, domin wahalar binciken kanta na iya ƙarasa shi.

Wane SSD za ka saya

Nan ne nake yawan yin doguwar magana da masu ofis. T30 da ire-irenta mahaɗin faifai mai suna SATA suke amfani da shi, don haka SSD mai inci 2.5 na SATA za ka nema, wanda gudunsa ke tsayawa wajen MB 550 a daƙiƙa. In sabarka babba ce mai katin RAID (mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare) da faifan SAS (wani mahaɗi daban da SATA), ka karanta littafinta tukuna ka ga abin da katin yake karɓa. Wasu sabobin in suka ga faifan da ba na kamfaninsu ba sukan saki fanka da ƙarfi ko su dinga nuna gargaɗi.

Abin da mutane suka fi tsoro shi ne wai SSD yana ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne yana da iyaka, amma mu yi lissafi. Samsung 870 EVO na TB 1 an ba shi garantin rubuta TB 600. Ofishin da ke rubuta GB 20 kowace rana, wanda ya yi yawa ma ga ƙaramin ofis, zai yi kwana 30,000 kafin ya kai nan, sama da shekara tamanin. Ba wannan ne zai kashe maka faifai ba.

Abin tsoro a wajenmu ɗauke wuta ne. SSD yana riƙe bayanan da ake rubutawa na ɗan lokaci a wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri kafin ya zuba su a ma'ajinsa na dindindin, kuma a nan yake riƙe taswirar da ke gaya masa inda kowane abu yake. Wuta ta yanke a tsakiyar wannan, abin da ke hannu ya tafi. In an yi sa'a 'yan bayanan ƙarshe ne kawai. In ba a yi ba, rumbun bayanan lissafi ya ƙi buɗewa, ko taswirar ta rikice faifan ya ƙi bayyana kwata-kwata. SSD ɗin da aka ƙera don sabobi yana da kafasitoci a cikinsa masu riƙe ɗan caji, daidai wanda zai ishe shi ya ƙarasa rubuta abin da ke hannunsa bayan wuta ta tafi. Kingston DC600M, Samsung PM893, Micron 5400 da Solidigm D3-S4520 duk suna da wannan kariyar. A garin da ake ɗauke wuta sau da dama a yini, ga canji tsakanin wutar gari da janareta da inbata, ni wannan nake zaɓa wa duk ofishin da ke da rumbun bayanai.

Mai ofis zai ce, "Malam, ga wani can rabin kuɗin wannan, kuma duk SSD ne." Amsata ita ce, "Ranka ya daɗe, duka za su yi sauri. Bambancin sai ranar da aka ɗauke wuta akanta yana tsakiyar shigar da cinikin yini." Yawanci daga nan ake fahimtar juna. In da gaske kuɗin ba su kai ba, 870 EVO ko makamancinsa zai yi, da sharaɗin akwai UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, mai lafiyayyen batir. Abin da ba na yarda da shi shi ne mafi arahar nan marasa suna, da masu nau'in ma'aji mai araha da ake kira QLC waɗanda da zarar an yi doguwar kwafa gudunsu yake faɗowa ƙasa da MB 100, ƙasa da had-dis ɗin da ka cire. Haka na hannu: kada ka sa wa saba SSD ɗan Beljiyam sai ka ga awannin da ya yi da yawan abin da aka rubuta masa. Jabu ma akwai su, kwali mai kyau, ciki ba haka ba. Ka karɓi rasit mai lambar faifan, ka duba lambar da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, ka cika shi da H2testw ka ga girman da aka rubuta a jiki gaskiya ne.

Maganar girma tana da tarko. Had-dis na TB 1 da SSD irin 870 EVO na TB 1 girmansu ɗaya cif, sassa 1,953,525,168. Amma na sabobi suna zuwa ne a GB 480, 960, 1,920. Wato na 960 ya gaza tsohon faifanka da kusan GB 40, kuma manhajar kwafa za ta ƙi. Akwai mafita, zan zo kanta, amma in da hali ka sayi na TB 1.92 ka huta. Ko yaya dai, ka auna abin da ke cikin tsohon, ka tabbatar bayan kwafa aƙalla kashi ashirin cikin ɗari na sabon zai zama fili.

Ka haɗa da ɗan gidan da ke mayar da inci 2.5 zuwa 3.5, da wayar SATA sabuwa, da filas mai GB 8, da faifan waje na USB. Duk ana samun su a shagunan kayan kwamfuta na titin Beirut. In kuɗi sun isa SSD biyu, ka sayi biyu ka yi RAID 1, kowanne madubin ɗan'uwansa. Kuma kafin ka ɗora musu komai ka sabunta manhajar da ke cikin faifan. A Nuwamban 2019 HPE ta yi gargaɗin cewa wasu SSD ɗinta na SAS za su mutu da sun cika awa 32,768 suna aiki in ba a sabunta su ba. Faifai biyu da aka kunna rana ɗaya rana ɗaya za su cika wannan adadin, madubin bai tsinana komai ba.

Ajiyar ko-ta-kwana

Kada sukurudireba ya taɓa sabar sai kana da ajiya biyu. Ta farko hoton sabar gaba ɗaya, wato cikakken kwafin duk abin da ke cikinta. Windows Server Backup yana cikin Windows ɗin, sai dai ka ƙara shi daga Server Manager. Ka zaɓi Full server ka tura zuwa faifan USB. Ta biyu kuma daga cikin manhajar lissafin kanta, da nata tsarin ajiyar, a wani filas ko wata kwamfuta daban. Kwafar fayil ɗin rumbun bayanai da hannu alhali manhajar na aiki ba ajiya ba ce, sau da yawa abin da za ka samu ba zai buɗe ba.

Sannan ka gwada. Ka kira akanta ya zauna kusa da kai a wata kwamfutar, ka dawo da ajiyar a can, ka ce, "Malam, buɗe mana cinikin jiya." Ya buɗe, ya sa yatsa a kan jimillar ƙasa, ya duba littafinsa ko takardar da ya buga jiya da yamma, ya ce eh, haka take. Ka ce ya nemo wani tsohon kwastoma na shekara uku baya. Ya fito. Sai a lokacin kake da ajiya. Ka sa ya rubuta lambar rasit na ƙarshe da jimillar ranar a takarda, za ku buƙace su bayan an gama.

Akwai 'yan abubuwan da za ka tattara a rubuce. Kalmar sirrin Administrator. Lambobin lasisin manhajoji, domin wasu manhajojin lissafi suna ɗaure lasisinsu da lambar faifai, su nemi a sake kunna su bayan canji. Gara ka kira dillalinsu tun a ranakun aikin ofis, kafin ranar canjin. Adireshin IP na sabar. In an kulle faifan da BitLocker, ka fitar da mabuɗin ceto mai lambobi 48, ni dai nakan cire kullen gaba ɗaya kafin kwafa in mayar daga baya. Ka shiga BIOS, shafin saitin sabar da ake shiga kafin Windows ya tashi, da F2 ka ɗauki hoton shafuka biyu da wayarka: tsarin tashi, UEFI ne ko Legacy, da tsarin SATA, AHCI ne ko RAID On. Na Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On ko da faifai ɗaya ne a ciki.

Lokacin aikin ma zaɓarsa ake yi. Asabar bayan an tashi, don Lahadi ta zama rara in abu ya cije. Ban da ƙarshen wata, ban da ranar biyan albashi. A zuba mai a janareta, a tabbatar inbata ya cika.

In Windows ɗin 2012 R2 ne, Microsoft ta daina tallafa masa tun 10 ga Oktoba 2023, na 2016 ma zai kai ƙarshe a Janairun 2027. Ga tsohon irin wannan, shawarata ka ɗora sabon Windows a kan SSD ɗin ka kwaso bayanai, maimakon ka kwafe tsufa zuwa sabon faifai. Ya fi cin lokaci amma ya fi tsabta. In kuwa tsarin lafiya yake, kwafa ta fi sauƙi, kuma ita zan bayyana.

Kwafar faifan

Clonezilla nake amfani da ita. Kyauta ce, daga wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan, kuma daga filas take tashi, don haka Windows yana kwance babu fayil ɗin da ke buɗe. Ka ɗora ta a filas da manhajar Rufus.

In SSD ɗin ya gaza tsohon faifan girma, sai ka fara rage yankin C ko D na tsohon faifan. Ka buɗe diskmgmt.msc ka zaɓi Shrink Volume, ka rage har jimillar yankunan ta sauko ƙasa da girman sabon da rata mai kyau, misali GB 850 ga faifan 960. In Windows ya ƙi ragewa sosai, fayilolin da ba sa motsi ne suka tare hanya, irin fayil ɗin musanya (pagefile, wanda Windows ke taimaka wa RAM da shi) da tsofaffin kwafin fayiloli na Shadow Copy. Ka kashe su na ɗan lokaci ka sake gwadawa. In akwai ɗan yankin ceto a can ƙarshen faifan, sai an jawo shi baya da GParted, manhajar gyara yankunan faifai. Wannan ne kaɗai wurin da za ka taɓa tsarin tsohon faifan, shi ya sa ajiya ta riga shi.

Yanzu ka sa kowa ya fita daga manhaja, ka kashe sabar yadda ya kamata. In Windows 10 ko 11 ne ke aikin saba, ka fara buga powercfg /h off, in ba haka ba kashewar ba ta cika ba. Ka zare wayar wuta daga bayan sabar, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran caji ya fita. Ka buɗe murfin gefe. In lokacin hunturu ne iska a bushe take, jiki yana tara lantarkin nan mai tartsatsi, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki. Tunda ka buɗe, ka fitar da ita waje ka hure ƙurar da bulowa, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Ka ɗaura SSD ɗin a ɗan gidansa da sukurori huɗu. Bakin SATA yana da siffar harafin L, hanya ɗaya yake shiga; in ya ƙi, juya shi za ka yi, ba dannawa ba, don robar bakin SSD siririya ce tana karyewa. Ka haɗa shi a ciki da wayar SATA kai tsaye maimakon ta USB, ya fi sauri kuma ba ya yankewa. Ka manna tef a jikin kowanne ka rubuta TSOHO da SABO, ka kwafi lambobin jikinsu a takarda.

Ka kunna, ka danna F12 ka zaɓi filas. A cikin Clonezilla ka bi device-device, sannan disk_to_local_disk. In sabon ya fi ƙanƙanta ka shiga ta Expert ka sa alama a kan -icds don ta daina duba girman. Za ta tambaye ka faifan da za a kwafa daga gare shi, sannan wanda za a kwafa a kansa.

A nan ka tsaya. Duk aikin babu wuri mai haɗari kamar wannan. Clonezilla ba ta san C ko D ba, sda da sdb take nuna maka, kuma ba dole ne sda ya zama tsohon ba. In ka juya su, za ta shimfiɗa faifan da babu komai a kan bayanan ofis, kuma ba ta da komawa baya. Kusa da kowane suna akwai girma da samfuri da lambar faifan. Ka ɗauko takardar nan ka karanta lambar a fili, harafi bayan harafi, wanda ke tare da kai yana bi da ido a fuskar kwamfutar. Za ta yi maka gargaɗi da rubutu mai launi cewa duk abin da ke kan faifai kaza zai goge, ta nemi ka buga y, sannan ta sake tambaya karo na biyu. Ka karanta na biyun kamar ba ka ga na farko ba. Sunan da ke cikin gargaɗin dole ya zama na SSD.

Daga nan sai jira. Abin da ke ciki kawai take kwafa, ban da fili, don haka GB 300 kan ɗauki kamar awa ɗaya in tsohon faifan lafiya yake. In ta tsaya tana kukan ta kasa karanta wani wuri, akwai zaɓin -rescue da ke sa ta tsallake ta ci gaba, amma ka sani duk inda ta tsallake akwai fayil ɗin da ya samu rauni. Faifan da ya yi nisa manhajar ceto mai suna ddrescue ce maganinsa, kuma in abin ya kai nan gara a dawo da rumbun bayanai daga ajiya.

Tashin farko

Da ta gama ka kashe, ka zare filas, ka cire tsohon faifan gaba ɗaya, wayar bayanai da ta wuta. Kada ka tashi sabar da su biyun a haɗe. Yanzu tagwaye ne masu shaida iri ɗaya. Windows zai kashe ɗaya daga cikinsu, ko ya tashi daga wannan yana karanta wancan, ka yi mako kana aiki a kan tsohon ba ka sani ba. A Linux ma haka ne, lambobin UUID za su yi karo. Ka mayar da SSD ɗin kan bakin SATA da tsohon yake. Ka bar wayar netwok a cire tukuna.

Ka shiga BIOS ka gwada da hotunan da ka ɗauka. Ka bar tsarin SATA yadda yake. Za ka ji ana cewa AHCI ya fi dacewa da SSD, amma in ka canza shi haka kawai Windows zai tsaya da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. In ka ga wannan, ka koma ka mayar da shi yadda yake a hoton. In kuma cewa ta yi ba ta ga abin tashi ba, ka tashi da filas ɗin Windows Server, ka shiga gyara, ka buɗe Command Prompt, ka gano harafin da yankin Windows ya samu da diskpart, ka buga bcdboot tare da hanyar foldar Windows ɗin. Yawanci shi ke nan. In duk ya ƙi, ba abin tashin hankali, tsohon faifan yana nan lafiya. Ka mayar da shi ofis ya buɗe ranar Litinin, ka sake shiri.

In ta tashi, za ka ga bambanci tun daga nan, abin da ke cin minti biyar ya koma ƙasa da ɗaya. Ka buɗe diskmgmt.msc ka faɗaɗa yankin ya cinye filin da ya rage, ka mayar da fayil ɗin musanya da Shadow Copy in ka kashe su. A PowerShell ka buga Get-PhysicalDisk ka ga ya rubuta SSD. Sai ka buga fsutil behavior query DisableDeleteNotify. In amsar 0 ce, TRIM yana aiki, wato Windows yana sanar da faifan wuraren da aka goge don ya share su tun kafin a buƙace su. A Ubuntu fstrim.timer ne ke yin wannan duk mako. Katunan RAID da yawa ba sa isar da wannan saƙon, wanda ƙarin dalili ne na sayen SSD na sabobi da barin fili mai yawa. In tsarin ya samo asali tun zamanin Windows Server 2003, ka duba Partition Starting Offset a msinfo32. Lambar ta rabu da 4,096 ba saura, kamar 1,048,576. In 32,256 ka gani, yankin bai zauna daidai ba, faifan zai riƙa yin aiki biyu a kan kowane rubutu, sai an gyara da GParted. Kuma in akwai wata tsohuwar manhajar jera faifai da aka sa tana aiki duk dare, ka cire ta, SSD ba ya buƙatarta.

Yanzu ka haɗa netwok. Ka zaga kowace kwamfuta ka buɗe foldar da ake rabawa, ka buga takarda ɗaya a firinta, ka sa akanta ya buɗe manhajarsa ya gwada lambar rasit na ƙarshe da jimillar da ya rubuta. Ka leƙa Event Viewer ka ga ko akwai jan gargaɗi a kan faifai. Ka duba jadawalin ajiyar dare, ka sa ta yi guda ɗaya a gabanka. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da da. Had-dis yakan yi ƙara, ya yi nauyi, ya ba ka makonni kana shiri. SSD kan tafi ne shiru, jiya lafiya, yau BIOS ba ta gan shi ba, kuma ciro bayanai daga matacce aiki ne mai wuya da tsada. RAID 1 ma ba ya maye gurbin ajiya, domin abin da aka goge bisa kuskure ko ƙwayar cuta ta kulle, a faifan biyu yake faruwa lokaci guda. A samu kwafi ɗaya da ke kwana a wajen ofis.

Kafin ka tafi ka gwada UPS. Batirinsa ba ya son zafi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba rayuwarsa biyu, ka kuwa san yadda ɗakin da ba iska yake a watan Afrilu. Bayan an yi ajiya, ka zare filoginsa daga bango ka ga minti nawa zai riƙe. Ka haɗa wayar USB ɗinsa da sabar, ka ɗora manhajarsa, ka saita ta ta kashe sabar da kanta in batir ya yi ƙasa. Ofisoshi da yawa suna da UPS amma wannan wayar tana cikin kwali.

Tsohon faifan kuma ka sa shi a ledar da SSD ya zo a ciki ko wata mai hana tartsatsin lantarki, ka rubuta kwanan wata, ka damƙa wa mai ofis hannu da hannu ya kulle a durowarsa. Kada a goge shi, kada a sa shi wani aiki, har sai an rufe lissafin wata guda cif a kan sabon ba tare da matsala ba. In sabar tana riƙe da asusun shigar ma'aikata tare da wata sabar, kada a sake tayar da tsohon a kan netwok, zai rikita su. Bayan watan, in lambobin lafiyarsa sifili ne, a goge shi a mayar da shi wurin ajiya na biyu. In ya fara lalacewa, ka rubuta sifili a kansa gaba ɗaya ko ka huda shi da injin huda a wurare uku ko huɗu kafin ya bar ofis, don akwai sunaye da lambobin waya da asusun bankin mutane a ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya goge su. Daga nan sai ka sa wa kanka tuni a waya, farkon kowane wata ka buɗe CrystalDiskInfo ka duba kashin lafiyar SSD ɗin da zafinsa. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki har digiri 70, amma in ka ga yana zama sama da 55 ka duba fanka da ƙura.